Lambar da ke Bayan Waƙafi

Ranar Laraba da hantsi saƙon ya shigo wayoyin mutanen Yasore, a shekarar da tiyar gero ta gagari mai albashi, balle manomin da ya yi damina biyu bai taka gonarsa ta nesa ba. Saƙon gajere ne: "An ga 'yan bindiga a kan babura sun nufo Yasore daga yamma. Kowa ya fita yanzu, a nufi Batsari." A ƙasa akwai sunan Malam Jabir, shugaban makarantar firamare.

Ba wanda ya tsaya tambaya. Ƙungiyar Manoma ta Haɗa Hannu, wadda ta haɗa Yasore da Darini da Babban Duhu, ita ke da wannan hanya ta aika gargaɗi zuwa wayar kowa a lokaci guda, kuma sau biyu a baya saƙon Malam Jabir ya fitar da su kafin a fara harbi. Mata suka bar tukwane a kan murhu. A gangaren rafi wata tsohuwa mai suna Hansai ta zame ta karye a ƙugu, ɗanta Labaran ya goya ta har bakin kwalta.

Suka zauna a gindin itatuwa suna jiran ƙarar bindiga, ba su ji ba. Da la'asar maza suka koma. Awaki na nan a turke, ba gidan da aka taɓa. Sai dai siton ƙungiya: an ɓalle kwadonsa, an kwashe irin shuka kaf. Gero da dawa da waken da mutane suka hana cikinsu suka ajiye saboda damina, ga shi hadari ya fara leƙowa daga gabas.

Labaran, wanda shi ne mai kula da siton, shi ya fara furta kalmar.

"Infoma ne! Baƙon nan ya sayar da mu!"

A wannan yanki, a wannan lokaci, wanda aka kira da wannan suna ba kasafai yake kai wa gaban alƙali ba. Alhaji Ɗanmalam, shugaban ƙungiyar, ya ja Malam Jabir ya sa shi a ɗakin da ke cikin zaurensa, ya kulle, ya tsaya a ƙofa. Da ƙyar ya samu matasa suka yarda su ba shi zuwa Asabar. Daga nan ya aika Darini a kira masa Ɗanmaraya.

* * *

Ɗanmaraya mai bin sawu ne, ya haura sittin. A ƙuruciyarsa ya taɓa bin saniyar sata kwana huɗu har ya same ta a wata kasuwa an shafe mata ƙaho da toka. Ya iso kafin rana ta faɗi, ya zana da'ira da sandarsa a gaban siton, ya ce kowa ya tsaya bayanta.

Ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe sai ya ce da Alhaji, "Mota ɗaya ce, a-kori-kura, tayar baya ta dama ta cinye. Mutum biyu suka yi lodi. Ba mutanen daji ba ne."

"Ta yaya ka sani, Malam?"

"Ba babur ko ɗaya. Kuma dubi can." Ya nuna wasu ƙwallayen mangwaro uku a gindin bango. "Ɗaya daga cikinsu ya zauna ya sha mangwaro. Mutumin da ya ji an ce 'yan bindiga na tahe ba ya zama shan mangwaro, sai in ya san ba mai zuwa."

Ya bi sawun motar har kwalta. A nan ƙasa ta daina yi masa magana. Ya dawo ya nemi a buɗe masa ɗakin da Malam Jabir yake.

Malamin mutumin Malumfashi ne, shekararsa biyu a garin. Leɓensa ya kumbura, wani ya same shi da hannu kafin Alhaji ya shiga tsakani.

"Baba, wallahi ban aika ba. Ina aji na ji ihu, na kwashi ɗalibai muka bi mutane. A hanya wani ya ce mini saƙona ne. Na ce ba ni ba ne, ba wanda ya saurara."

"Ina wayarka take?"

"Wurin mai caji, tun safe. A mace take."

"In ba wayarka, wani na iya aikawa da sunanka?"

"In ya san kalmar sirrina."

"Wa ya san ta?"

Malam Jabir ya sunkuyar da kai. "Ban taɓa canja ta ba. Wadda aka ba ni ranar da aka yi mana rajista ce, an rubuta mana a takarda a gaban jama'a."

Mai cajin ya tabbatar da maganar wayar. Ya ce ranar ko janareta bai tayar ba, don bai samu mai ba. Amma Labaran ya ce wannan ba hujja ba ce, mai cin amana ai waya biyu yake riƙewa.

* * *

Da safiyar Alhamis Sharhabilu, sakataren ƙungiyar, ya iso daga Batsari a kan babur, da takarda a hannu. Mutum ne mai tsabta da iya magana, shi ke rubuta wa ƙungiya wasiƙu. Ya ce jiya yana Katsina tun safe, sai da ya dawo ya ji labari.

"Raina ya ɓaci, Alhaji, don ni na kawo sunan Malam Jabir tun farko. Amma ga shi a rubuce." Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma. "Duk saƙon da aka aika, na'ura tana rubuta lambar wayar da ya fito, lambarta ta intanet. Wannan layin saƙon da ya aika ne sati uku da suka wuce, wanda shi da kansa bai musa ba. Wannan na jiya ne. Ku duba. Lamba ɗaya ce."

Ya zagaye su da jan biro. Waɗanda suka yi boko suka duba suka girgiza kai. Alhaji Ɗanmalam ya yi salati a hankali.

Ɗanmaraya ya miƙa hannu ya karɓi takardar. Bai yi boko ba, amma shekarun da ya yi a kasuwar shanu sun koya masa lamba. Gida huɗu ce, da ɗigo a tsakani, ƙarshenta arba'in da ɗaya. Sama da ƙasa, iri ɗaya sak.

"Sakatare, daga ina ka ciro wagga takarda?"

"Daga kwamfutar ƙungiya, Baba."

"Irin wadda ake naɗewa kamar littafi? Ina take kwana?"

"A akwatina, a gida. Kulle take."

"Ba mai aro?"

"Ba mai taɓa ta sai ni. Jiya ma makullin na aljihuna har Katsina."

"Madalla. Wa ya fi ka sanin kan wanga abu?"

Sharhabilu ya ɗan yi murmushi. "Malama Mahfuza ce ke kula da shi. Amma abin da na nuna muku shi za ta nuna maka."

"To a ba ni aron takardar. Ina son in ji yadda magana ke barin sawu."

* * *

Malama Mahfuza tana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Batsari. Ita ce wadda masu ba da tallafin da suka kafa hanyar gargaɗin suka bar wa amanarta da za su tafi. Ɗanmaraya ya same ta bayan azahar a barandar gidan malamai, ta shimfiɗa masa tabarma, suka gaisa har aka tambayi gajiya da zafi da mutanen Darini. Ta duba takardar, fuskarta ta canja.

"Baba, abin da shafinmu na kwamfuta ke nunawa ke nan. Ban so ba, amma haka yake."

"Ban zo musu ba, ɗiyata, tambaya na zo yi. Lambar ga, a jikin wayar take, kamar shaidar wuta a cinyar saniya?"

"A'a. Aro ce. Adireshi ne, muna ce masa IP. Duk na'urar da ta shiga intanet sai an ba ta, don a san inda za a mayar mata da amsa. In ka kunna data kamfanin waya ya ba ka ɗaya, in ka kashe ya karɓe ya ba wani."

"Gobe in na kunna fa?"

"Wata za a ba ka."

"To in aro ce, yaya aka yi ta dawo wa Malam Jabir bayan sati uku, ko ɗigo bai kauce ba?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwamfutarta, ta jera duk saƙonnin da Malam Jabir ya taɓa aikawa. Goma sha ɗaya ne kafin na Laraba. Ta bi su da yatsa. Lamba goma sha ɗaya, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta.

"Yana iya faruwa," in ji ta, "amma da wuya ƙwarai."

"Shekara arba'in ina duban ƙasa," in ji Ɗanmaraya, "ban taɓa ganin ƙafa ɗaya ta bar sawu biyu iri ɗaya sak ba. Yau mutum ya gaji, gobe yana sauri, jibi ƙaya ta soke shi. Sau ɗaya na ga haka, a Darini, ashe ɓarawon takalmin maƙwabcinsa ya riƙe a hannu yana dangwalawa."

Mahfuza ta gyara zama. Ta rufe shafin da ke da layuka masu kyau, ta buɗe wani baƙi mai cike da ƙananan rubutu. Ya matso har gemunsa na neman taɓa gilashin.

"Mi ke nan kuma?"

"Wancan shafin taƙaitawa ce kawai. Wannan shi ne ainihin buƙatar da aka aiko, yadda ta iso. Bari in yi maka bayani, Baba. Babbar kwamfutar da ke rarraba saƙon tana can nesa, kuma ba a shiga wurinta kai tsaye. Akwai wata na'ura a gabanta, kamar mai gadi a zaure. Kowa ita yake miƙa wa, ita ta shigar. Saboda haka babbar kwamfutar ba ta ganin fuskar kowa sai ta mai gadin."

"To ta yaya za ta san wanda ya zo?"

"Mai gadin yana rubutawa a saman takardar: na karɓo daga lamba kaza. Layi ne na musamman. Shi nake nema."

Ta yi ta gangarawa. Can ta tsaya. Ta koma ta buɗe tsohon saƙon Malam Jabir, ta dawo, ta sake komawa.

"Innalillahi. Baba, duba. A tsoffin saƙonni lamba ɗaya ce a layin. A na Laraba biyu ne."

Ya duba. Ga mai arba'in da ɗaya a farko. Bayanta wata 'yar alama kamar ƙugiya, sannan wata lambar dabam, mai ƙarewa da ɗari biyu da bakwai.

"Wagga 'yar ƙugiya fa?"

"Waƙafi ne. Mai gadin ba ya goge abin da ya tarar a layin. In mai aikowa ya riga ya rubuta wata lamba da hannunsa, sai ya bar ta, ya sa waƙafi, ya ƙara wadda ya gani da idonsa. Shafinmu kuma ta farko kaɗai yake ɗauka ya nuna."

"Ke nan ta farko abin da baƙo ya ce ne. Ta biyu abin da mai gadi ya gani."

"Haka ne."

"Wa ya san ana iya rubutu a wurin?"

"Akwai abin da nake tsoro. Amma an riga an kulle mutum ɗaya a kan zato, ba zan ƙara na biyu ba sai na gani da idona."

Ta sa lambar ta biyu ta bincika duk abin da aka taɓa aikowa daga gare ta. Saƙo tara suka fito, duk na shawarar noma, dukansu da sunan mutum ɗaya: Mannir, malamin gona da ke Safana.

"Kin ce lambar canjawa take."

"Ta waya ke canjawa. Wannan ta wani wuri ce mai kwanon intanet a kan rufi, irin wanda aka ba lamba tabbatacciya. Gida ne, Baba, ko shago. Ba ya tashi daga inda yake."

Ɗanmaraya ya ɗauki sandarsa. "Wanda ba ya tashi ai shi na fi so."

* * *

Da sassafen Juma'a suka shiga motar Safana, shi da ita. Mannir, dogo mai saurin fushi, suka same shi yana wanke babur. Da ya ji abin da ya kawo su sai ya jefar da tsumman.

"Ni? Ranar Laraba ina Babban Duhu tun bayan asuba, ina nuna wa manoma yadda ake gwada iri a tsumma mai laima. Mutum talatin suka gan ni, a gidan mai unguwa na ci tuwo. Ku je ku tambaya!"

"Za mu tambaya," in ji Ɗanmaraya. "Amma saƙonninka daga ina kake aika su?"

"Daga shagon Hajiya Kamila. Data ta yi tsada, can na fi samun sauƙi."

Shagon na bakin hanya, da kwano fari a kan rufi da faranti biyu na sola. Hajiya Kamila tana buga wa mutane takardu, tana kuma sayar da awannin wayfai. Ta ce Laraba kasuwa ba ta yi ba, mutum biyu ne suka zo hoton takarda, ba wanda ya zauna da kwamfuta.

"Hajiya, wanga wayfai, a cikin ɗaki kaɗai yake?"

Ta yi dariya. "Baba, ai ba ya jin bango. Har waje yake fita."

"Har ina?"

Ba ta sani ba. Ya karɓi wayar Mahfuza, ta nuna masa 'yan layukan da ke raguwa in an yi nisa, ya fita yana taku ɗaya-ɗaya, idonsa a kan wayar, mutane na kallonsa. Ta gaba, abin ya mutu a tsakiyar titi. Ta baya ya kai shi har gindin wata bishiyar dogon yaro bayan katanga, inda ba a hango mutum daga shago. Akwai dutsen zama a wurin. Ya duba ƙasa, ya girgiza kai. Kwana biyu sun wuce, awaki da masu neman inuwa sun tattake komai.

"Yaushe rabonki da canja kalmar sirri?" Mahfuza ta tambayi Hajiya.

"Tun ƙaramar Sallah. Duk wanda ya taɓa saye yana da ita. Ni dai Allah nake bar wa."

"Ki ba ni izini in duba na'urar wayfai ɗin? Tana riƙe sunan duk abin da ya shiga da lokacin da ya shiga."

Ɗanmaraya ya dawo ya tarar da ita zaune gaban kwamfuta, hannunta a kan baki. Ta juyo masa gilashin, ta karanta masa wani layi a hankali, da awa da minti. Ya sa ta maimaita.

"Abin da kike tsoro ke nan?"

"Shi ne, Baba. Kuma da laifina a ciki."

"Ɗauki hotonsa. Laifinki ki ajiye shi sai gobe, ki faɗe shi a gaban mutane, zai yi amfani."

* * *

Ranar Asabar da hantsi Yasore ta taru a ƙofar gidan Alhaji Ɗanmalam. Alhaji ya gayyato 'yan sanda biyu, suka zauna a benci kusa da zaure. Aka fito da Malam Jabir. Mannir ya zo da mai unguwar Babban Duhu, Hajiya Kamila ta zauna wajen mata tare da Mahfuza. An aika wa Sharhabilu ya taho da kwamfutar ƙungiya don ya nuna wa jama'a hujjar da idonsu, ya kuwa taho da ita a jaka. Matasa na tsaye a baya, wasu da sanduna.

Ɗanmaraya bai miƙe ba. Daga zaune ya yi magana.

"Na zargi mai caji, na tarar ba shi da man tayar da inji. Na zargi malamin gona, ga mai unguwa ya rantse yana gidansa. Saura takardar Sakatare. Sakatare, ka ce lambar sama da ta ƙasa ɗaya ce?"

"Kowa ya gani, Baba."

"Mun gani. Ka kuma ce Laraba kana Katsina, kwamfutar na kulle a Batsari, makulli na aljihunka. Ko na ji ba daidai ba? Kunnen tsoho ne."

"Daidai ka ji."

"To Malama, bisimilla."

Mahfuza ta miƙe. Ta yi bayanin mai gadi da layin da yake rubutawa, da lamba biyu da waƙafi a tsakani. Ta ce ta farko wani ne ya kwafo ta daga tsohon saƙon Malam Jabir ya liƙa. Ta biyu ta shagon Hajiya Kamila ce a Safana, kuma daga can saƙon ya fito, ƙarfe goma da minti arba'in, lokacin da Malam Jabir ke gaban allo a garin nan.

"Shagon da kowa ke shiga," in ji Sharhabilu. "Wannan ai bai nuna kowa ba."

"Na'urar shagon tana riƙe sunan abin da ya shiga," in ji ta. Ta ɗaga wayarta. "Ƙarfe goma da rabi wata kwamfuta ta shiga, ta fita sha ɗaya saura kwata. Sunanta Haɗa Hannu Ɗaya. Ni na raɗa mata sunan da hannuna ranar da aka kawo ta. Alhaji, a buɗe ta a gani."

Alhaji ya miƙa hannu. Sharhabilu ya riƙe jakar na ɗan lokaci, sannan ya saki. Mahfuza ta buɗe, ta nuna wa ɗan sanda sunan, sannan ta danna wani ɗan akwati a kusurwa.

"Wannan ni na sa shi bara, don gwaji. Da shi ake rubuta lambar ƙarya a layin, in ga ko shafin zai gane. Na ga bai gane ba, na ce zan gyara, ban gyara ba, kuma ban cire abin ba. Sakatare na zaune kusa da ni ranar, ya tambaye ni na yi masa bayani. Wannan laifina ne, ina neman afuwarku." Ta juya kwamfutar wajen jama'a. "Ga lambar Malam Jabir nan a ciki, har yanzu ba a goge ba."

Sharhabilu ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Shekara uku gonata na hannun mutanen daji," ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Ƙanena a gona aka ɗauke shi, ba mu ga ko takalminsa ba. Na faɗa muku a taro, irin nan ba inda za a shuka shi sai a bakin bindiga, kuka ce na karaya. Na ce to bari in fitar da iyalina daga ƙasar nan, ko su su tsira."

"Da abincin 'ya'yanmu?" wata mata ta ce daga baya.

"Shi fa Malam Jabir?" in ji Ɗanmaraya. "Mi ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Na ga baƙo ne. Na ɗauka iyaka a mayar da shi garinsu."

"Kai ɗan ƙasar ga ne. Ka san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma."



Labaran ya yunƙuro da sanda, matasa suka motsa. Malam Jabir ne, da leɓensa da bai gama sacewa ba, ya riga 'yan sandan shiga tsakani.

"Malam Labaran, kwana uku na yi ina jin muryarku ta bayan ƙofar nan. Ba na yi wa kowa fatan haka. Ku bar hukuma ta tafi da shi."

Labaran ya tsaya yana huci. Sandar ta sauka a hankali, ya kasa haɗa ido da malamin.

Kafin azahar Sharhabilu ya faɗi sunan direban da mutum biyun da ya ɗauka lodi, da wani sito a bayan garin Safana inda aka jibge kayan ana jiran babbar mota. Aka samu gero da dawa. Waken ya riga ya tafi.

* * *

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. Mahfuza ta gyara shafin ya koma ɗaukar lambar ƙarshe, ta sa kowa ya canja kalmar sirrinsa a gabanta. Hansai ba ta sake takawa ba, sai dai a fito da ita inuwa a kan tabarma.

Malam Jabir ya nemi a canja masa wurin aiki. Alhaji ya roƙe shi, iyayen ɗalibai suka yi tawaga, Labaran ya je har sau biyu ya durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ya ce ya yafe wa kowa har zuciyarsa, amma duk lokacin da ya ji mutane sun taru suna magana da ƙarfi, ba ya iya riƙe alli.

Ranar tafiyarsa gari duk yana gona. Ɗanmaraya ne ya taho daga Darini ya riƙe masa jaka ɗaya har bakin kwalta. Suka tsaya jiran mota, ƙasa na ƙamshin ruwa.

"Baba, in tambaye ka wani abu?"

"Tambayi."

"Ranar da ka shigo ɗakin nan na rantse maka, ka yarda da ni?"

Tsohon ya daɗe yana duban hanya.

"A'a. Ban yarda da kai ba, ban kuma ƙaryata ka ba. Masu gaskiya na rantsuwa, ɓarayi ma na yi, duk na ji."

"To me ya kai ka har Batsari da Safana, da tsufanka?"

"Lambar ce ban gane ba. Na so in ji yadda abin yake."

Malam Jabir ya dube shi, ya fara dariya, sai ga hawaye. Ya share ido da bakin hannun riga.

"Ke nan da ka ɗauka ka gane ta tun farko, ko kuwa ka ji kunyar tambaya..."

"Da ranar Asabar ta yi muni," in ji Ɗanmaraya. "Allah ne ya tsare. Ga motarka nan."

Ya ɗora masa jakar, suka yi musabaha, malamin ya riƙe hannunsa da hannu biyu har direba ya yi hon. Da motar ta wuce, tsohon ya tsallaka titi ya nufi gonar Labaran, inda aka ce ana neman ƙarin hannu a shuka.